Kanitin da mai juna biyu: da gaske yana raguwa, to amma sai an sayi na kwalba?

Duk wadda take cikin guruf ɗin mata na WhatsApp a Jos ɗin nan, ko take ɗan leƙa TikTok, da wuya a ce ba ta ci karo da tallar wani abu da ake rubuta wa L-carnitine, wato kanitin, a jikin kwalba ba. Da can 'yan ɗaga ƙarfe aka sani da shi, sai masu kofin rage tumbi suka karɓa, sai masu neman haihuwa, yanzu kuma magana ta gangaro kan masu ciki, wai bincike ya nuna sinadarin yana faɗuwa a jinin mace da zarar ta ɗauki ciki, don haka wai dole ta saya ta cike gurbi. Mace ta je awo ta tambayi nas, nas ta ce su dai ba ya cikin abin da suke bayarwa, ta dawo gida kai a ɗaure, to maganar wa za a bi?

Rabin farko na zancen gaskiya ne, yana faɗuwa. Rabi na biyun, wato "dole a saya", shi ne babu shi a ƙa'idar awo. Kuma tsakanin rabi biyun nan akwai wani abu da mai talla ba ya tsayawa ya faɗa, shi ne maganar ƙarancin jini.

Wai mene ne ma kanitin ɗin?

A 1905 wasu masana biyu a Rasha, Gulewitsch da Krimberg, suka fara ciro shi daga ruwan nama, shi ya sa ma aka raɗa masa suna daga kalmar Latin da ke nufin nama. An taɓa ɗaukarsa bitamin, har aka kira shi bitamin BT, daga baya aka gano jikin mutum da kansa yake haɗa shi, a hanta da ƙoda. Abin da jiki yake iya yi wa kansa kuwa ba a sa shi a sahun bitamin. A 1989 kwamitin abinci da gina jiki na Amurka ya yanke cewa ba ya cikin sinadaran da sai an ci su dole, har yau kuma ba a tsayar masa da wani adadi da za a ce kowa ya ci kullum ba, yadda aka tsayar wa ayon (sinadarin ƙarfe da ke gina jini) ko kalsiyam (mai gina ƙashi).

Aikinsa dako ne. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu ƙananan murahu da ake ce wa maitokondiriya, nan ake ƙona abinci a samu ƙarfi. Dogayen ƙwayoyin kitse ba sa iya shiga murhun da ƙafarsu, sai kanitin ya ɗauke su ya tsallakar da su, kamar dai yadda buhun kabeji ba ya fita daga mota a Farin Gada sai ɗan dako ya zo. Idan zai fito kuma ya ɗebo tarkacen da ya taru a ciki. Zuciya da tsoka su ne suka fi dogara da kitse a matsayin makamashi, shi ya sa kusan kashi 95 cikin 100 na kanitin ɗin jiki a can yake zaune. Gaba ɗaya abin da ke jikin babban mutum wajen giram 20 ne, wanda ke yawo a cikin jini kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A riƙe wannan, don duk maganar "ya faɗi" da ake yi, na cikin jinin ake aunawa, ba na rumbun ba.

Hanya biyu ake samunsa. Ta farko abinci, nama ja ya fi kowa, iya jan nama iya yawan kanitin. Dafaffen naman sa mai nauyin giram 85 yana ɗauke da tsakanin miligiram 42 zuwa 122, kofin madara wajen 8, ƙirjin kaza mai nauyi ɗaya da wancan naman bai wuce 2 zuwa 4 ba, hatsi da ganye kuwa kusan babu. Ta biyu wanda jiki ke haɗawa. Sannan ga ƙoda, wadda mai tattali ce ta gaske a nan, fiye da kashi 90 na wanda ya biyo ta cikinta tana mayar da shi jini, kuma idan ta ga abin ya yi ƙaranci sai ta ƙara matse hannu. Wannan ne ya sa mutanen da ba sa cin nama sam, duk da nasu yakan ɗan yi ƙasa, yawanci ba sa kwanciya ciwo saboda shi.

Me ke sa ya ragu da ciki?

Tun wajen sati na 12 ake ganin ya fara sauka, kafin haihuwa kuma yakan kai kusan rabin na matar da ba ta da ciki. An ga haka a mata masu ƙoshin lafiya waɗanda ke cin nama yadda suke so, kenan ba alamar yunwa ba ce kai tsaye.

Dalilan da ake kawowa sun haɗu ne, ba ɗaya ba ne. Ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50, to ko miya ce aka ƙara wa ruwa haka ai gishirinta zai ja baya a baki alhali ba a kwashe ko ƙwaya ba. Ƙoda ma aikin tacewarta yana ƙaruwa da wajen rabi, wasu abubuwan suna ƙara bin fitsari. Sai ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta gama ƙwarewa wajen haɗa nasa ba, mabiyiya ce ke janyo masa daga jinin uwa, musamman a watanni ukun ƙarshe da yake tara guzurin da zai ƙona kitsen nono da shi bayan ya fito. Dalili na huɗu shi ne wanda ya fi shafar mu a nan, wato jikin uwar ya kasa haɗa isasshe saboda kayan haɗin sun yi ƙaranci.

Inda ayon ya shigo zancen

Jiki ba ya haɗa kanitin da iska. Yana farawa da wasu tubalan furotin guda biyu, laisin da metiyonin, ya bi da su matakai huɗu. Biyu daga cikin matakan nan ba sa tafiya sai da ayon da bitamin C, sauran biyun kuma suna neman bitamin B6 da nayasin. Kenan matar da ayon ɗinta ya ƙare, ba jini kaɗai ne zai yi mata ƙasa ba, har wannan ƙaramar masana'antar ma za ta rage aiki.

Wani bincike da aka buga a 2009 daga Jamus ya taɓo nan daidai. Mata 26 masu ciki aka raba biyu, rabi ana ba su miligiram 500 na kanitin kullum daga sati na 13 har haihuwa, rabi ana ba su ƙwaya marar komai. Na waɗanda suka sha bai faɗi ba, na sauran ya faɗi, sannan aka lura waɗanda ayon ɗinsu ya fi ƙasa su ne kanitin ɗinsu ma ya fi ƙasa. Mai talla yakan ɗauki jimlar farko ya bar ta biyun. Kuma ko ta farkon, abin da ta nuna shi ne lamba a takardar gwaji ta tsaya, mata 26 ba su isa a ce an gano ko jariran sun fi lafiya ko haihuwar ta fi sauƙi ba.

To a dawo gida. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya samu kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a Najeriya da ƙarancin jini, wato cikin mata goma da ke zaune a bencin awo, shida. Ba duka ba ne saboda ayon, akwai maleriya, akwai tsutsar ciki, akwai sikila, akwai haihuwar kunika da ba ta barin jiki ya mayar da abin da ya fita. Amma ayon yana kan gaba. Shi kuma ƙarancin jini ba a cikin hasashe illarsa take ba, an san shi da haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi, da matar da ɗan zubar jini wajen haihuwa kan kayar da ita saboda dama can ba ta da rara.

Ma'aunin ƙarancin jini ga mai ciki a wajen Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya yi ƙasa da 11, wanda a lissafin PCV da aka fi sabawa da shi a asibitocinmu ya kama wajen 33. Wani ɗan abu da ya keɓanta da Jos: garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, mazauna tudu kuma jininsu yakan ɗan fi na mazauna kwari kauri saboda iska, don haka lambar da ta tsaya a bakin layi a nan ba ta kai ƙarfin irinta a Lokoja ba. Bambancin ba shi da yawa, amma dalili ne na kar a ce "ai ya kusa kaiwa" a ajiye magani.

Masu cewa a sha da masu cewa a dakata

Masu goyon baya ba duka 'yan kasuwa ba ne, akwai masu bincike a ciki. Hujjarsu ita ce tunda ƙarshen ciki lokaci ne da jikin uwa ke komawa ƙona kitse don ya bar wa ɗan tayi sukari, to rage 'yan dako a daidai lokacin da kaya suka yi yawa ba zai zama alheri ba. Suna cewa kitsen da bai ƙone ba yana taruwa a jini, wanda hakan na da alaƙa da yadda jiki ke ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, shi ya sa ake duba ko kanitin zai taimaka wajen ciwon sukarin ciki. Suna kuma nuna cewa a ƙananan gwaje-gwajen da aka yi da ɗan ƙaramin adadi ba a ga wata illa ta a zo a gani ba.

Ɗaya ɓangaren, wanda nan mafi yawan likitocin mata suke, suna cewa ba kowace lamba da ta sauka da ciki ba ce ciwo. Sinadarai da yawa suna yin ƙasa a jinin mai ciki saboda ƙarin ruwan nan, ba kuma a bin kowanne da ƙwaya. Jarirai dai ana haifarsu da isasshen kanitin ko da na uwar ya sauka, don mabiyiya ba ta jiran sai ya yi yawa kafin ta ɗiba. Sannan ƙa'idar magani ga mai ciki a juye take da ta sauran mutane, ba a cewa "tunda ba a ga illa ba a sha", sai an ga amfani a babban gwaji tukuna, kuma irin wannan babban gwajin da aka yi wa ayon da folik asid (bitamin ɗin da ake ba masu ciki a awo) ba a yi wa kanitin ba.

Akwai kuma lissafin ciki. Wanda ke cikin abinci hanji yana tsotse kashi 63 zuwa 75, na ƙwaya kuwa kashi 14 zuwa 18 kacal. Ragowar kuwa, ƙananan halittun da ke zaune a hanji ne ke cinyewa, su fitar da wani abu da hanta ke mayarwa TMAO, wanda tun wani bincike na 2013 a Amurka ake muhawara kan alaƙarsa da toshewar jijiyoyin jini. Muhawarar ba ta ƙare ba. Abin da aka tabbatar dai shi ne idan aka kai wajen giram 3 a rana yana kawo tashin zuciya, amai, murɗar ciki, gudawa, da ƙarnin kifi a jiki, wanda mai laulayi kam ba ta neman ƙari.

Abin da ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kai ba shi ne kofin rage ƙiba da lemon ƙara kuzari da ake zuba wa kanitin. Waɗannan haɗi ne, galibi da kafeyin a ciki da wasu ganyayyakin da ba a gwada su a kan masu ciki ba, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi mai shan kafeyin sama da miligiram 300 a rana ta rage. Ciki ma dama ba lokacin rage nauyi ba ne. Lambar NAFDAC a jikin kwali kuma rajista ce, ba takardar likita ba ce da ta ce mai ciki ta sha.

Waɗanda abin ya shafa da gaske

Akwai su, ba su da yawa. Akwai ciwon gado da ƙoda ke kasa riƙe kanitin yana ta zuba a fitsari, yana iya taɓa zuciya ya sa sukari ya faɗi. A duniya ana ƙiyasta kamar mutum 1 cikin 100,000, amma a tsibiran Faro da ke ƙarƙashin Danmak ya kai kusan 1 cikin 300, saboda jama'a ce kaɗan da ta daɗe tana aure a tsakaninta. A ƙasashen da ake ɗiban jinin diddigen jariri bayan haihuwa, sau da yawa ta jaririn ake gano uwar ce ke da shi ba ta sani ba. Irin wannan matar kanitin magani ne a wajenta, tana ci gaba da sha da ciki, likita na auna ta.

Sai masu shan maganin farfaɗiya mai suna balfuroyet, wanda ke rage kanitin. Amma su babbar maganarsu ma ba nan take ba, maganin kansa yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka tun kafin ciki ya kamata a zauna da likita a duba canji, kuma kar a yanke shi rana ɗaya don an ji wannan, faɗuwa da ciki ita ma haɗari ce. Sai masu wankin ƙoda, da waɗanda suka daɗe kan wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta na fitsari. Sai mai aman da ya wuce laulayi, ko ruwa ba ya zama, tana ramewa, ita komai ne ke ƙare mata, wanda likitoci suka fi tsoro ma shi ne bitamin B1, wurinta asibiti.

Gwajin kanitin ba ya cikin gwajin awo na yau da kullum, na'urarsa ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, kuma idan aka gwada sakamakon mai ciki da ma'aunin wadda ba ta da ciki, kusan kowa za a ce ta gaza.

Tukunyar Jos

Nama ya yi tsada, wannan ba sai an faɗa wa maigidan da ya je 'Yan Shanu kwanan nan ba. Amma tunda jiki na iya haɗa nasa, tambayar ita ce ko kayan haɗin suna shiga tukunya. Masara da dawa da gero laisin ɗinsu kaɗan ne, wake da waken suya suna da shi sosai amma metiyonin ɗinsu ne ya gaza. Acha kuwa, wadda Filato ta yi suna da ita, an san ta da metiyonin fiye da yawancin hatsi. Kenan gwaten acha da aka zuba wa wake da rama ko alayyafo, ko tuwon acha da awara a gefe, ya haɗa tubalan biyu a kwano ɗaya ba tare da an je kemis ba. Ƙwai da kifi da kindirmo su ma suna cike gurbi, ɗan nama ko tsoka biyu ce a miya yana kawo kanitin da ayon mai saurin shiga jiki, har ma ya taimaka wa na ganyen ya shiga.

Bitamin C kuwa a garin nan ba a rasa shi, tumatir, tattasai, kabeji, gwaba, lemo, garin ɗan kuka, har dankalin turawan Bokkos yana da nasa idan ba a dafe shi ya zama ruwa ba. Ɗan abin da ke ɓata lissafi shi ne shayi. Sanyin Jos ya sa gidaje da yawa filas ba ya sauka daga tebur, ganyen shayi kuma yana ɗaure ayon ya hana hanji tsotsa, don haka a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci da kuma ƙwayar ƙarin jini. Ƙwayar kalsiyam ma haka, ba a haɗa ta da ta ayon a haɗiya ɗaya.

Hanta da ake yawan cewa mai ciki ta ci don jini, tana da ayon kam, amma bitamin A ɗinta ya yi yawa har a Ingila ake cewa masu ciki su bar ta gaba ɗaya, to ko ba a bari ba kar ta zama ta kullum. Tsire ya gasu har ciki, nono ya zama wanda aka tafasa madararsa. Kwaɗayin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara da ake ɗauka ɗabi'ar ciki ce kawai, sau da yawa alama ce ta ƙarancin ayon, abu ne da za a faɗa wa nas.

Abin da ke cikin ƙa'idar awo

Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce zuwa awo sau 8, na farko kafin a wuce sati 12. Ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, shi folik ɗin ma gara tun kafin ciki, don bututun da zai zama laka da ƙwaƙwalwa yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauka ba balle surukai su sani. Kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 inda abinci bai wadata da shi ba, don rage haɗarin hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Maganin rigakafin maleriya na SP daga wata na huɗu, wata-wata, da gidan sauro, da maganin tsutsa bayan watanni ukun farko. A 'yan shekarun nan an fara shigo da ƙwaya ɗaya mai sinadarai 15 da ake ce wa MMS, a ciki akwai ayon da bitamin C da B6 da nayasin, wato masu taya jiki haɗa kanitin ɗin, shi kansa dai ba ya ciki.

Masu sikila nasu daban ne, folik ɗinsu ya fi yawa, ayon kuma ba a ba su sai gwaji ya nuna sun rasa, don jikinsu na iya tara shi ya yi yawa.

Matsalar da nas-nas suka fi sani ita ce ƙwayar ƙarin jinin da ke ƙarewa a ƙarƙashin filo. Wata tana sa ta tashin zuciya, wata bayan gida ya yi tauri ya yi baƙi ta tsorata, wata kuma an ce mata yana sa yaro ya yi ƙato a sha wuyar haihuwa. Baƙin bayan gida ba komai ba ne, tashin zuciyar kan ragu idan aka mayar da sha zuwa dare ko bayan ɗan abinci, idan ya ƙi akwai canji, har da na sati-sati ga wadda jininta bai yi ƙasa ba. Wadda kuma ta riga ta sayi kwalbar kanitin, ta saka ta a jaka ta je da ita awo a karanta abin da aka haɗa a ciki, ya fi a faɗi sunan da baki.

Bayan haihuwa

Jariri daga fitowa yake komawa rayuwa kan kitsen nono, kuma nonon uwa yana zuwa da kanitin ɗinsa, shi ya sa ma masu haɗa madarar gwangwani, musamman ta waken suya, suke zuba shi a ciki. Wanda aka fi sa wa ido shi ne bakwaini, don ya fito kafin ya gama tara guzurin watannin ƙarshe, idan ya daɗe ana ciyar da shi ta jijiya likitocin yara kan duba ko a ƙara masa. Uwar kuwa ayon ɗin da ya tafi da jinin haihuwa ba ya dawowa da kunun kanwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa ita ce mai jego ta ci gaba da shan ƙwayar sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, wato har a yi suna, a yi arba'in, tana sha.